Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Gari Da Hunturu

Ga hunturu ya kankama, ƙafa ta soma faso, leɓe ya soma tsagewa, kowa ta nemo man kaɗanyarta ta ajiye kusa. Yau ba maganar girki ko ɗinki na zo muku da ita ba. Maganar tsuntsaye ce, waɗannan dai da mu ke kora in mun shanya hatsi, da yadda mace za ta ɗauki hotonsu da wayar da ke hannunta ba tare da ta taka ko zaure ba.

Na san wata za ta yi dariya ta ce, "Malama ta rasa aikin yi. Hoton kurciya kuma? Wa bai san kurciya ba?" Yi haƙuri, 'yar'uwa, in yi miki tambaya guda. Yaushe rabonki da ganin ungulu?

In ke yarinya ce, je ki tambayi Inna ko Kaka. Za su gaya miki a nan Kano da can ungulu ta fi gaban a ƙidaya. Tana kan rufin mayanka, tana kan rumfunan mahauta a kasuwa, tana bisa juji, da yamma kuma ta cika rimi da tsamiya. Har ƙyamarta a ke yi, ana korarta da dutse. Yau fa? Na tambayi 'yan matan ajin da na ke koyarwa wadda ta taɓa ganinta ido da ido. Waɗanda suka ɗaga hannu ba su cika yatsun hannu guda ba, su ɗin ma a ƙauye suka gan ta. Amma dukansu sun san "ungulu ba ta jewar banza", sun kuma san an ce ta koma gidanta na tsamiya. Ga tsamiyar nan tsaye, ga karin magana a bakinmu, mai gidan ce babu.

A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke shirin ƙarewa ta sa irin wannan ungulu tamu ta cikin gari a jerin waɗanda suka fi kowa kusa da ɓacewa. Dalilan kuwa sanannu ne. Ana kama ta ana sayar da kanta da ƙafafunta ga masu tsubbu, tana cin mushen da aka sa wa guba ta mutu, ana kuma sare manyan itatuwan da ta ke sheƙa a kai. Ga shi ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara, saboda haka abin da aka kashe a wata guda ba ya mayuwa a shekara goma. To, ki buɗe akwatin tsofaffin hotunan gidanku. Akwai na biki, akwai na suna, akwai na hawan Salla, akwai na Alhaji a gaban jirgi. Ko kin ga na ungulu? Wa zai ɓata fim ɗinsa a kan ungulu, ga ta ko'ina? Abin da ya sa na ce ki ɗauki hoton kurciya ke nan tun tana da yawa.

Hunturu kuwa shi ne lokacin wannan aiki. Kududdufai sun janye, ciyawa ta bushe, kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, tsuntsu ba shi da wurin ɓuya, ba shi kuma da ruwan sha sai ya biyo mutane. Da sassafe in sanyi ya yi sanyi, sai ki ga tsuntsaye sun kumbura kamar an hura su. Gashinsu su ke tayarwa don iska ta shige tsakani ta riƙe musu ɗumin jiki, watau bargonsu ke nan. Su kan jeru a kan katangar da hantsi ya fara dukanta, su yi shiru suna shan rana kamar tsofaffi a bakin zaure. Daga ƙarfe bakwai zuwa tara ba su da garaje, sai ki samu yadda ki ke so.

Hazon nan kuma, wanda iska ke kwaso mafi yawansa daga ƙwarin Bodele a ƙasar Cadi, yana da amfani yana da ɓarna. Amfaninsa shi ne yana tace rana kamar an rufa mata farin mayafi, haske ya sauka da laushi, babu baƙar inuwa mai cinye rabin fuskar tsuntsu. Ɓarnarsa iri biyu ce. Duk abin da ke nesa ya kan fito toka-toka, don haka kada ki wahalar da kanki da shirwar da ke shawagi can bisa Dala, ɗigo kawai za ki samu. Sa'an nan sama ta kan zama fara fat. Kyamara kuwa ba ta da wayo irin na ido. In ta ga fari ya cika mata fuska sai ta rage hasken hoton duka, tsuntsun da ke kan waya ko kan eriya ya fito baƙi ƙirin kamar an yanka shi da almakashi a baƙar takarda. Maganin wannan shi ne ki jira ya sauko inda bayansa katanga ce, ko ƙasa, ko ganyen darbejiya. Jar katangar ƙasa irin ta cikin birni, wallahi ba wani bango da ya kai ta fito da launin tsuntsu. Rana kuma ta kasance a bayanki, tana haska shi, ba tana dukan idonki ba.

Ga yadda za ki jawo su. Ki sami kasko ko tsohon faranti, ki zuba ruwa kada zurfinsa ya wuce gaɓar yatsa guda, ki sa ɗan dutse a tsakiya don ƙanana su sami wurin tsayawa. Ki ajiye shi a fili, nesa da buhu ko tulin itace inda kyanwa za ta laɓe. In kin yi surfe ko bakace, ki watsa 'yar tsabar da ta rage a gefensa. Wuri ɗaya kullum, lokaci ɗaya kullum. Kwana uku ko huɗu labari ya gama unguwarsu. Amma fa ki zubar da ruwan kowace safiya ki ɗauraye kaskon, domin ruwan da ya kwana mako guda ya zama gidan sauro, tsuntsayen ma su kan ɗauki cuta daga juna a ƙazamin ruwa.

Sai ki shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, kamar taku huɗu ko biyar daga kaskon, ki zauna. Ki fara goge idon kyamarar da gefen zane mai laushi, don ƙurar hunturu da man da ke hannunki su ne ke sa hoto ya yi dishi-dishi, sai a ɗora wa waya laifi. Ki kashe fitilarta da ƙararta. Ki jingina ta a kan kujera 'yar tsuguno ko turmin da aka kwantar, yadda za ta zo daidai da tsayin tsuntsun. Hoton da aka ɗauka daga tsaye bayan tsuntsu kawai ya ke nunawa, amma wanda aka ɗauka daga ƙasa sai ki ga kamar zai yi miki magana. Kafin ki danna, ki taɓa fuskar wayar daidai kan tsuntsun don ta san shi ki ke nufi ba tukunyar da ke bayansa ba. Ido shi ne abin nema. In ido ya fito tangaran, ko bindi ya ɗan dushe ba kome. Kada kuma ki yawaita jawo hoto da yatsu biyu, a yawancin wayoyinmu wannan ba ya ƙara kome sai yamutsi. Gara ki ɗauka yadda ya ke, daga baya ki datse gefe. Wadda tsuntsu ya fi ta sauri, ta ɗauki bidiyo, in ta natsu ta tsayar da shi inda ya yi kyau ta cire hoton.

Kada ki zauna zuru kina zura musu ido, tsuntsu ya san kallon mafarauci. Ki ɗauko shinkafa kina tsinta, ko ki riƙa gyaran zogale. A nan ne mu mata muka fi maza sa'a. Tsuntsun tsakar gida ya san uwargida, kullum yana ganinta tana kai da kawowa, bai taɓa ganin ta harbe shi da danƙo ba. Namiji baƙo kuwa, ko kyamararsa ta kai tsawon taɓarya, iyakarsa zaure. Sai dai a kula, kada garin jiran asisi tuwo ya kama, a ce wannan fili ne ya jawo.

Wadda za ta fara zuwa, kusan kullum, baiwar Allah ce. Tsawonta bai wuce inci 4 ba, har cikin ɗaki ta kan shiga ta yi tsince-tsince a gindin gado. A gidanmu tun muna yara an hana mu taɓa ta. Ja ɗin shi ne namiji, macen kuwa ruwan ƙasa ce, sai ɗan ja a gindin bindi da gaban ido. Sai kin ɗauki hoton kin buɗe shi sosai za ki ga waɗansu 'yan ɗige-ɗige farare a gefen ƙirji, kamar an yayyafa gari, da wani siririn zobe rawaya kewaye da idon namijin. Shekara nawa kina tare da ita ba ki ga wannan ba?

Tana da wani labari mai ban mamaki. Daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu, ki lura da wani ɗan tsuntsu kamar girmanta, baƙi wuluk mai sheƙin shuni kamar rigar da ta sha bugu, yana kan eriya ko ƙololuwar itace yana ta waƙa. Matarsa ba ta saƙa sheƙa. Sai ta faki ido ta shiga ta baiwar Allah ta saka ƙwanta cikin nata. In an ƙyanƙyashe, ɗan baƙon yana da irin zanen da ke cikin bakin 'ya'yan gida, don haka uwar ba ta bambancewa, ta ciyar da su duka. Ba ya kuwa kashe 'yan'uwan renonsa, tare su ke tashi. Har waƙar uban riƙonsa ya ke koya, in ya girma da ita zai yi zance. Wadda ta dace ta ga baiwar Allah ta zo kasko da 'ya'ya, ɗaya a cikinsu ba shi da jan gindin bindi, to ta ɗauki wannan hoto da kyau, ba kowa ke da irinsa ba. Shi ma hankaka, da mu ke ce masa mai da ɗan wani naka, haka a ke yi masa. Akwai wata tsuntsuwa mai tukku da dogon bindi da ke saka ƙwai a sheƙarsa. Ashe ba sata ya yi ba, reno aka ɗora masa, ga kuma baƙin suna.

Asisi ya kan zo tare da baiwar Allah, shuɗi-shuɗi kamar sararin sama bayan ruwa. Mai jan tabo a kumatu shi ne namiji. Ba ya tsayawa wuri guda, shi ne zai koya miki haƙuri.

Kurciya kuwa ita ce ta mai koyo, don ba ta da gaggawa. Ki duba wuyanta ta gaba, akwai ɗige-ɗige baƙaƙe a kan ja kamar tsakiyar da aka jera, fiffikenta kuma yana da shuɗi mai toka. Akwai wata mai baƙin rabin zobe a bayan wuya, wannan iri dabam ce, kada ki haɗa su. Ki kuma lura da shan ruwanta. Kaza ta kan kurɓa ta ɗaga kai sama, amma kurciya da tattabara su kan tsoma baki su zuƙa har su ƙoshi ba su ɗago ba. A wannan ɗan lokaci kanta ba ya motsi, nan za ki danna. Hasbiya ta fi son bisa, kan soro da hasumiyar masallaci. In ta sauko, jan nan da ke kewaye da idonta fata ce ba gashi ba, fiffikenta kuma kamar an zuba masa farin wake. Hankaka ya fi su duka wuya, don ya san an nuna shi da wani abu, ko waya ce. Gara ki ɗauke shi ta taga.

'Yan makaranta su kan tambaye ni ina kabare da mulufi su ke tafiya da rani. Ba inda su ka je. Tufafi kawai su ka sake. Namijin kabare ya kan tuɓe rawaya da baƙin kansa, mulufi ya tuɓe jar alkyabbarsa, su koma ruwan ƙasa kamar matansu har sai damina ta matso. Yawancin waɗannan 'yan "gwara" da ki ke gani garke guda a bakin lambu, in kin buɗe hotonsu za ki tarar ba gwara ba ne. Wadda ta yi tafiya da gaske ita ce shamuwa. Da ruwa ya ɗauke ta kan bar sheƙarta ta nufi kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda daminarsu ke farawa sa'ad da tamu ta ƙare. Ki ɗauki hoton sheƙar yadda ta ke babu kowa, ki kuma rubuta ranar da kika fara ganin mai ita ta komo.

Yayin da shamuwa ta tafi, waɗansu baƙi sun iso. Sanyinmu da mu ke kuka da shi, a wurin tsuntsayen Turai ɗumi ne, don can ƙanƙara ta rufe ƙasa, ƙwari sun ɓace. Ku 'yan makaranta ku duba filin wasa da sassafe, ko bakin lambu, ko inda shanu ke kiwo a bayan gari. Za ku ga wani siririn tsuntsu mai ruwan ɗorawa a ciki, ba ya tsalle kamar gwara, takawa ya ke yi ɗaiɗai, yana kaɗa bindi sama da ƙasa, yana bin sawun shanu yana cafke ƙwarin da suka tayar. Nauyinsa bai fi na goro guda ba, amma ya ƙetare bahar, ya ƙetare hamada mai faɗin fiye da mil 1,000 kafin ya zo nan. Wajen Satumba da Oktoba ya kan iso, wajen Maris da Afrilu ya ci ya yi ƙiba ya koma. In akwai gawo kusa da ku, ku yawaita duba shi. Shi gawo saɓanin sauran itatuwa ya ke, da damina ya zubar da ganye, da rani ya yi kore, saboda haka ƙwari na taruwa a kansa, ƙananan baƙin nan kuma suna biye da su. In ƙanenki ya harbo tsuntsu kika ga zoben ƙarfe a ƙafarsa, ba na aljanu ba ne. Masu bincike ne suka sa, akwai lamba da sunan ƙasa a jiki. Ki ɗauki hoton rubutun, sa'an nan ki ja kunnen mai danƙon.

Cikin baƙin nan akwai wani ɗan ƙarami mai farin maƙogwaro wanda ke yin ƙwai a Ingila, ya yi hunturu a ƙasashenmu na bakin hamada. A bazarar 1969 mutanen can suka ga fiye da rabinsu ba su komo ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar ƙarancin ruwan saman da aka yi a yankinmu a 1968 ne ya kashe su, farkon farin nan da ya kai mu ga yunwar 1973. Abin lura a nan shi ne yadda aka yi suka gane tun a shekarar farko. Ba wata na'ura ba ce. Mutane ne 'yan sa kai, malaman makaranta da manoma da matan gida, kowa yana ƙidaya tsuntsayen unguwarsa kowace shekara yana rubutawa. Da na bana ya kasa na bara, nan da nan aka gani. Mu kuwa ungulu ta yi ta raguwa a kan idonmu shekara da shekaru, sai da ta ƙare a gari sa'an nan muka waiwaya.

Don haka hoto shi kaɗai bai isa ba, sai da kwanan wata. Ki sami ɗan littafi irin na 'yan firamare, ki riƙa rubuta rana, da unguwa, da lokaci, da sunan tsuntsu, da guda nawa kika gani. Ranar da kika zuba ruwa ba wanda ya zo, ita ma ki rubuta. Wanda ba ki san sunansa ba, ki nuna wa tsofaffi hoton, sun fi littattafan makaranta sanin sunayen Hausa, sunayen ma suna bin tsofaffin zuwa kabari. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, tana tare da Jami'ar Jos, a 2015 kuma ta fara aikin tattara bayanin wane tsuntsu a ke samu a wane yanki na Nijeriya, da taimakon 'yan sa kai. Masu wannan aiki suna bin hanya da daji da bakin ruwa. Amma abin da ke sauka a tsakar gidajen Yakasai da Gwale da Fagge, in ba ke kika rubuta ba, wa zai rubuta?

Sauran 'yan ladubba. Kada ki ɗaga waya ta saman katangar maƙwabta ko da alhudahuda ne ya sauka can, ba za su yarda tsuntsu ki ke ɗauka ba, kuma suna da gaskiya. Kafin ki tura wa kowa hoto, ki duba gefe da gefe ko abokiyar zama ko wata baƙuwa ta fito ba lulluɓi. Kada ki taɓa sheƙa, kada ki kakkaɓe ganyen da ya rufe ta don hoto ya fito, abin da ya ɓoye ta daga idonki shi ya ɓoye ta daga hankaka. Kada kuma ki sa yara su kamo miki tsuntsu ki ɗauke shi a hannu. Ana ganin tsoro a idonsa.

Akwai roƙon da na ke yi wa 'yan'uwa na garuruwan da wannan jarida ke kaiwa. Duk wadda har yanzu ta ke ganin ungulu a garinsu, ta rubuto wa wannan fili, ta faɗi ranar da ta gan ta da guda nawa, in da hoto ta haɗo. Amma sunan gari kawai za ta faɗa. Kada ta ambaci itacen da su ke kwana ko inda sheƙar ta ke, kada kuma ta sa a Facebook, domin masu neman kan ungulu su ma suna da waya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.